Rizga, Tumuku, Dankalin Turawa ko Dankalin Hausa: Wanne Ya Dace da Tukunyar Sakkwato?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, mai cefane a Sakkwato kan tarar da kaya huɗu da aikinsu a tukunya ya yi kusa da juna: dankalin Hausa na fadamunmu, wanda da yawa a nan ke kira kudaku, da dankalin Turawa na Filato, da tumuku, sai kuma rizga in an dace wata mota ta sauke ta. Kuɗin cefane kuwa ba ya isa a ɗauki duka. Wanda ya yi zaman Jos ko Zariya ya san gardin rizga, da ya gan ta ransa zai biya. Wanda bai san ta ba sai ya tsaya yana kallon wasu 'yan saiwoyi sirara da ƙasa a jikinsu, yana tambayar abin da ake yi da su.

A ganina, ɗanɗano ba shi ne ke raba gardama a garin nan ba. Zafi ne da nisan hanya. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, Sakkwato kuwa tana wajen mita 300, kuma daga Maris zuwa Mayu zafinta kan haura digiri 40. Kayan da aka tono a Bokkos ko Mangu da ke Filato sai sun bi ta Saminaka, Zariya, Funtuwa, Gusau da Talata Mafara, tafiyar sama da kilomita 600, kafin su iso hannun 'yan gwari a Ramin Kura ko Kasuwar Daji. Duk wani hukunci da za a yanke kan farashi ko ajiya daga nan yake tasowa.

Abubuwan da za a auna

Na farko samuwa: shin abin yana kasuwa duk shekara, ko sai kakarsa? Na biyu farashi, amma ba kuɗin da aka miƙa wa mai kaya kaɗai ba. A lissafa abin da ya tafi a ɓawo, da wanda ya ruɓe kafin a kai gare shi, da man suya, da itace ko gawayi ko gas. Na uku juriyar ajiya a ɗakin da babu sanyi. Na huɗu wahalar gyarawa, kuma wannan ake yawan mantawa da shi, domin a gidaje da yawa maigida ke cefane, uwargida da 'yan mata ke zaman fera. Na biyar yawan girkin da abin ke shiga da kuma aukinsa. Na ƙarshe haɗari, ga lafiya da ga aljihu.

Rizga

Rizga tamu ce ta Afirka tun asali, ba baƙuwa ba ce irin dankalin nan biyu da suka fito daga nahiyar Amurka. Danginta ɗaya da na'a-na'a da ɗoɗɗoya. A Najeriya an fi noma ta a tuddan Filato da kudancin Kaduna da wani ɓangare na Bauchi, a kan manyan kunyoyi, kuma ana cin ta har Zambiya da Malawi da Zimbabuwe. Takan yi wata shida zuwa bakwai a ƙasa, shi ya sa abin da aka shuka da faɗuwar damina ba ya fitowa kasuwa sai an shiga sanyi. Saiwoyinta dogaye ne sirara kamar yatsun hannu, suna fitowa a dunƙule daga gindi ɗaya.

Wajen samuwa ita ce ta ƙarshe a cikin huɗun. Ba a sara ta buhu-buhu zuwa Sakkwato yadda ake yi wa dankalin Turawa. Yawanci ɗan abin da ke zuwa yana biyo lodin wasu kaya ne, ko tsarabar wani da ya dawo daga Jos. Saboda haka ba abin da za a ɗora tsarin girkin mako a kansa ba ne. In an gan ta a saya, in ba a gan ta ba a yi wani abu.

A gidanta ba ta da tsada, abincin talaka ce. Kuɗin mota da ƙarancinta ne ke ɗaga ta a nan, har kashinta ya zo daidai da na dankalin Turawa ko ya ɗara shi. Sannan siririya ce, duk wanda ya ɗauki wuƙa ya fere ta yadda ake fere doya ya zubar da kusan rabin kuɗinsa. Ba a fere rizga. Ko dai a kankare ta da bakin cokali tana ɗanya bayan an jiƙa ta ƙasar ta saki, ko a dafa ta da ɓawonta sannan a murje shi da yatsa, wanda shi ya fi sauƙi kuma ya fi tsare gardinta.

Girkinta mafi daɗi shi ne mafi sauƙi. A wanke ta sosai, a zuba ruwa ya ɗan sha kanta, a sa gishiri, a dafa har tsinke ya shige ba tare da ta farfashe ba. Ba ta cin wuta, sirantarta ta sa tana rigan doya da rogo nuna nesa ba kusa ba. A tsane, a murje ɓawon, a ci da garin ƙuli mai yaji da ɗan man gyaɗa da yankakkiyar albasa. Wanda ya fara da wannan zai gane dalilin da ya sa mutanen Jos ke kewarta. Tana kuma yin fate: a soya albasa da attaruhu da tumatir a manja, a sa daddawa da busasshen kifi, a zuba ruwa kaɗan, in ya tafasa a zuba rizgar da aka karya gida biyu ko uku, a rufe da alayyafo a ƙarshe. A nan akwai abin lura. Rizga ba ta narkewa ta kaɗa romo yadda dankalin Turawa ke yi, saboda haka mai son fate mai kauri sai ta farfasa kaɗan daga ciki da bayan ludayi, ko ta haɗa da kabewa. Ana saka ta a farfesun nama ko na kayan ciki dab da saukewa, tana shan romo ba tare da ta watse ba. Ana kuma cin ta ɗanya in sabuwa ce, a kankare a wanke a tauna, tana da ƙaras-ƙaras da ɗan gardi. Abin da ba ta yi da kyau shi ne suya irin ta cips. Ana iya dafa ta a ɗan juya ta a mai da albasa da yaji, wannan yana daɗi, amma kada a sa ran za ta maye gurbin dankali da ƙwai.

Rauninta ajiya. Fatarta siririya ce, tana saurin rasa ruwa, ga ta da saurin karyewa a hanya, kuma daga inda ta karye ruɓa ke shiga. Iskar hunturun Sakkwato busasshiya ce ƙwarai, in aka bar ta a buɗe cikin faranti kwana kaɗan za ta yamushe ta yi tauri. A leda kuma gumi ne zai kashe ta. Abin da ya fi shi ne a binne ta ba a wanke ba cikin rairayi a tsohon daro ko tukunyar ƙasa, a ajiye a inuwa, a riƙa tono na girkin rana. Ko da haka, na mako guda za a saya, ba na wata ba. Mai kaya zai ce, "Sabuwa ta, Hajiya, jiya tat taho." A karya guda a gani: sabuwa tana karyewa ƙas, cikinta da danshi, tsohuwa kuwa lanƙwasa take yi.

Wajen lafiya ba ta da wani dafi da ake tsoro irin na rogo mai ɗaci, kuma ta fi rogo sinadarin gina jiki. Sai dai ana jin masu cewa maganin ciwon suga ce. Abinci ce mai sitaci kamar sauran, mai ciwon suga ya auna ta yadda likitansa ya ce ya auna doya da dankali.

Tumuku

Ɗan'uwan rizga ne na jini, har wasu na rikita su, amma shi dunƙulalle ne ƙarami, yawanci bai kai ƙwan zabo ba, fatarsa baƙa-baƙa ko ja-ja. Bai dogara da sanyin tudu ba, yana yi a ƙasar da ke samun isasshen ruwan damina, kuma ana noma shi har arewacin Gana da kudancin Indiya da Siri Lanka. Wannan ya sa ya ɗan fi rizga leƙowa kasuwanninmu bayan kaka, ko da yake shi ma ba na kullum ba ne.

Abin da ake saye a tumuku ƙanshi ne. Yana da wani ƙanshi na ƙasa-ƙasa da ganye wanda babu shi a sauran ukun, wasu na mutuwar son sa, wasu kuma ko kusa. Gidan da ba a taɓa ci ba a fara da kashi ɗaya. Dafaffe da yaji da mai shi ne asalin cinsa, yana kuma gyara faten wake da miyar ganye. Farashinsa matsakaici ne, amma ba shi da auki, kuma ɓare shi ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai cin rai da ɓata yatsu. Dabarar ita ce a jiƙa shi, a zuba a buhun algarara ko tsumma mai kaushi, a murza da ƙarfi a ƙasa, fatar za ta fita da yawa, sai a ƙarasa da cokali. A ajiya ya ɗan fi rizga haƙuri in yana cikin rairayi, amma da zafi ya fara shigowa sai ya tsiro ya yi laushi.

Dankalin Turawa

Asalinsa tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, Turawa suka shigo da shi, ya sami gida a sanyin Filato, musamman Bokkos, Mangu, Barkin Ladi da Pankshin. Akwai ma tashar binciken dankali a Kuru kusa da Jos, reshen cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike. Yana nuna cikin wata uku ko makamancin haka, kuma ana yin sa sau biyu: na damina da ke cika kasuwa daga Yuli zuwa Satumba, da na rani da ke fitowa a farkon shekara. Shi ya sa ba ya yankewa a Sakkwato, farashinsa ne kawai ke hawa da sauka. Yakan sauko lokacin na damina, ya hau in kaya sun ja baya ko azumi ya matso, ko shekarar da cutar ruɓewar ganye ta afka wa gonaki saboda yawan ruwa.

A yawancin watanni shi ne mafi tsada a cikin waɗanda ake samu kullum, kuma tsadarsa ba ta tsaya a kasuwa ba. Girkin da aka fi son sa da shi suya ce, suya kuwa tana shan mai, ga ƙwai da ake haɗawa. Amma babu wanda ya kai shi shiga girki iri-iri: cips, fate, miyar dankali da karas a kan shinkafa, farfesu, cikin samosa da fanke mai nama, salak na biki. Fere shi ba wuya, yara na son sa, baƙo ba ya raina shi.

Zafi ne maƙiyinsa. A hunturu zai yi mako biyu ko fiye in an baza shi a wuri mai duhu da iska. A Afrilu kuwa guda ɗaya ya ruɓe a cikin buhu sai ya ja na kusa da shi, warin kuma ba ya ɓuya. Na damina da aka tono da laima ya fi saurin lalacewa, arahar da ake gani a Agusta ke nan in ba a bincika ba. Kada a haɗa shi wuri ɗaya da albasa, abin da ke da wuyar kiyayewa a garin da kowane ɗakin ajiya akwai albasa. Firji ma ba mafita ba ce sosai, sanyi mai yawa yana juya sitacinsa ya koma suga, sai ya yi baƙi a kasko, ga wutar da ba ta tsayawa.

Haɗarinsa na gaske shi ne kore. Danginsa ɗaya da tumatir da gauta, kuma in haske ya doke shi fatarsa ta yi kore, ko ya yi tsiro, yana tara wani dafi mai suna solanin da ke kawo amai da murɗawar ciki, wanda dafuwa ba ta kashewa. In koren kaɗan ne a yanke shi da zurfi a cire idon tsiron. In ya mamaye ko dankalin yana ɗaci, a zubar. Wanda aka baza a rana bakin titi tun safe ya fi shiga wannan hali.

Dankalin Hausa

Wannan shi ne na gida. Ana noma shi a fadamun kogin Rima, irin su Kwalkwalawa da yankin Wurno da Goronyo, da damina da kuma rani, saboda haka bai san doguwar hanya ba. Shi ya fi araha, shi ya fi auki, shi ya fi ƙosarwa. Kashi ɗaya da garin ƙuli da mai ya tashi karin kumallon yara. Ana soya shi, ana fatensa shi kaɗai ko da wake, ana gasa shi a toka da daren sanyi, ana yanka shi a shanya a riƙa sa wa kunun zaƙi. Akwai kuma mai ruwan lemo a ciki, irin wanda cibiyar Umudike ta fitar, mai ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. In an same shi ya dace da yara da masu ciki, sai dai ya fi fari laushi in ya dahu.

Ya fi sauran jure zafi, domin shukar ƙasar zafi ce, kuma firji ɓata shi take yi. Matsalarsa biyu. Ta farko zaƙi: yana ginsa, ba ya shiga miyar shinkafa ko farfesu yadda ya kamata, wasu kuma yana sa su ƙwarnafi da kumburin ciki. Ta biyu wani ƙwaro da ke huda shi tun a gona, musamman in ƙasa ta tsage da rani. A waje ƙananan huji baƙaƙe kawai za a gani, a ciki kuwa hanyoyi ne, kuma ɗacin kan wuce inda hujin ya tsaya. Duk wanda ya yi baƙin tabo mai ɗaci ko ya yi fumfuna ba na ci ba ne, ko dabba bai kamata a ba ta ba.

Ga su a jere:

| Ma'auni | Rizga | Tumuku | Dankalin Turawa | Dankalin Hausa |
|---|---|---|---|---|
| Samuwa a Sakkwato | Hunturu, sai an dace | Bayan kaka, jefi-jefi | Duk shekara | Kusan duk shekara |
| Farashi | Sama, saboda nisa | Matsakaici | Sama, yana sauka Yuli zuwa Satumba | Mafi araha |
| Ajiya | Mafi rauni | Ya ɗan fi rizga | Da kyau a sanyi, da wuya a bazara | Mafi juriya |
| Gyarawa | Da sauƙi in an dafa da ɓawo | Mafi wahala | Da sauƙi | Da sauƙi |
| Inda ya fi kyau | Dafaffe, fate, farfesu | Dafaffe, faten wake | Suya, miya, fate | Suya, gashi, fate, kunu |
| Auki | Kaɗan | Kaɗan | Matsakaici | Mai yawa |
| Abin tsoro | Yamushewa, karyewa | Tsiro, ƙanshin da wasu ba sa so | Kore da ruɓa | Hujin ƙwaro, ginsa |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Gida mai yawan baki da kuɗin cefane a ƙididdige, dankalin Hausa ne ginshiƙi, babu wata doguwar shawara. In zaƙin ya ishi mutanen gida, a riƙa haɗa shi da wake ko a ƙara yaji da ganye a faten.

Mai shirin baƙi, ko amarya mai son girki kala-kala, ko mai sana'ar cips da ƙwai a bakin makaranta ko tasha, dankalin Turawa ba shi da madadi. Mai sana'a ta sari da yawa a hunturu in tana da ɗaki mai iska, amma daga Maris ta koma sayen na kwana biyu ko uku, ko da ya fi tsada a kashi, domin asarar rabin buhu ta fi wannan bambancin ciwo. Da yawa daga masu suya suna haɗa shi da dankalin Hausa a faranti ɗaya don farashin ya zauna, kuma masu saye ba sa ƙi.

Mai neman abin marmari na yamma, wanda za a ci da yaji ana hira, ko mai son rage soye-soye, rizga ce tasa in ta samu, tumuku in ba ta samu ba. Tsofaffi da masu jinya da mai ya dame su za su ji daɗin dafaffiyar rizga ko a farfesu. A saya kaɗan, a dafa da ɓawo, a cinye cikin mako. Wanda ke da ɗan'uwa a Jos ko direban da ke bin hanyar, ya fi masa ya yi saƙo a zuba ta a kwali ko kwando da ƙasarta, ba a leda ba.

Mai tunanin sarin rizga ya kawo Sakkwato ya sayar, ya fara da kaɗan ƙwarai, kuma ya nemi masu saye tun kafin kaya su taso: mutanen Filato da kudancin Kaduna da ke zaune a garin, da ma'aikata da ɗaliban jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da suka san ta. Sayar da ita dafaffiya da garin ƙuli ya fi sayar da ita ɗanya saurin shiga, domin mai wucewa zai ɗanɗana kafin ya yanke hukunci. Daga tsakiyar Fabrairu kuwa a dakata, zafi ya fara.

Masu tsara girkin azumi su lura da cewa azumin 2026 ya kama a Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11. Ke nan a 'yan shekarun da ke tafe zai riƙa faɗowa cikin Janairu, sannan Disamba, daidai lokacin da rizga da tumuku ke kasuwa kuma dankalin Turawa ke jure ajiya. Ga buɗa-baki, faten rizga ko farfesu da ita ya fi cips sauƙi a cikin da ya wuni babu komai. Ga sahur kuwa dankalin Hausa da wake ya fi riƙe ciki har la'asar.